Tatsuniya cikin rigar tarihi: tambayoyi da amsoshi kan nobel ɗin soyayya na zamanin da

Na jima ina karanta irin littattafan nan, waɗanda marubuciya za ta ɗauko tsohuwar tatsuniyar Turawa kamar ta Sindarela ko ta Kyakkyawa da Dodo, ta kai ta Ingila ta shekara ɗari biyu baya ta mayar da ita labarin soyayya na manya, kuma duk sanda aka ga littafin a hannuna tambayoyin kusan iri ɗaya ne ake min. Toh ga su nan da amsar da nake bayarwa.

Wai wane irin littafi ne wannan ɗin takamaimai?

Abu biyu aka haɗa. Na farko nobel ɗin soyayya na tarihi, wato yau aka rubuta shi amma mutanen ciki suna rayuwa ne a zamanin keken doki da kyandir da wasiƙar da ake liƙewa da jan kaki. Na biyu tatsuniya wadda kowa ya riga ya sani. Marubuciyar ba kwafe tatsuniyar take ba, ƙashin kawai take ɗauka, misali a Sindarela: marainiya da aka mayar ƴar aiki a gidan ubanta, dare ɗaya na rawa, gudu, wani abu da ta yar, sai nema. Ita kuma sai ta sa wa ƙashin nan tsoka, ta ba yarinyar suna da hali da fushi da abun da take so a rayuwa, ta ba yariman ma nashi damuwar, tunda a tatsuniya shi kam ko suna ba shi da shi.

Sharaɗi ɗaya ne ba a taɓawa, dole su ƙare tare cikin farin ciki. In ba haka ba to wani littafi ne daban, ba na wannan layin ba.

Tunda na riga na san ƙarshen, me kuma zan karanta?

Wannan ita ce tambayar da aka fi min, kuma gaskiya ni sanin ƙarshen nan shi ne ma abun da ke zaunar da ni. Ki tuna yaro in ana masa tatsuniya, wadda ya ji jiya ita zai ce a maimaita, kuma in kika canza wani wuri zai tsayar da ke yace ba haka take ba. Bai manta ƙarshen ba, so yake ya sake bin hanyar hankalinsa kwance. Haka muke mu ma, da zarar hankali ya kwanta cewa ba za a kashe min yarinyar nan a shafi na ƙarshe ba sai in sake jiki in shiga wahalarta gabaɗaya, in ji ciwon wulaƙancin da ake mata har cikin raina, abun da ba zan yarda in yi ba da littafin da ban san inda zai kai ni ba.

Sannan akwai wani ɗan wasa tsakaninki da marubuciyar. Kin san dole a yi gudu da ƙarfe sha biyun dare, kin san dole wani abu ya faɗi, amma babu aljanar da ke taimakon Sindarela babu kabewar da take mayarwa keken doki a Landan ta 1815, toh yaya za ta yi? Kina karatu kina zuba ido, can sai ki ga wata tsohuwar gwaggo mai bakin tsiya ta fito da tsohuwar rigar aurenta daga akwati tana cewa a rage mata kugu, sai ki ce a ranki aha, ga uwar ɗakin sihirin nan ta iso. Wannan gane ɗin da kike yi da kanki ba wanda ya faɗa miki, daɗinsa daban ne wallahi.

Me yasa sai an kai labarin zamanin da? Ba za a iya yin Sindarela ta yau ba?

Ana yi, da yawa ma, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne nake ganin duk sirrin abun yake. Tatsuniya tana buƙatar ƙofa a kulle. In yarinya za ta iya haɗa kayanta ta nemi aiki ta kama ɗaki ta buɗe asusun banki, mai karatu zai yi ta tambaya toh me take jira a gidan matar uban nan? Dole marubucin zamani ya yi ta ƙirƙiro dalili. Amma a Ingila ta farkon ƙarni na 19 ba sai an ƙirƙira ba, dokar ƙasa ce da kanta ta kulle ƙofar.

Duba ki gani. A lokacin mace in ta yi aure, a idon doka ita da mijinta mutum ɗaya ne kuma mutumin shi ne mijin, kuɗinta da abun da ta samu da hannunta duk nashi ne sai dai in danginta sun yi dabarar ɗaure dukiyar a hannun amintattu tun kafin aure. Sai a 1870 aka fara barin matar aure ta riƙe abun da ta samu da guminta, sai 1882 aka ba ta cikakken ikon mallakar dukiyarta. Rabuwar aure kuwa kafin 1857 sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka ta musamman a kan auren mutum ɗaya, abu mai tsadar gaske, kuma a duk tsawon wannan tsarin mata huɗu ne kacal suka samu. Ƴaƴa ma na uba ne, sai da wata mata Caroline Norton da mijinta ya raba ta da ƴaƴanta ta yi ta gwagwarmaya aka yi dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon ƙananan yaranta. Ga kuma gado, manyan gidaje da filaye ana ɗaure su ne ga babban ɗa namiji ko namijin da ya fi kusa a dangi, mutum zai mutu ya bar ƴaƴa mata biyar wani ɗan uwansa da ba su taɓa gani ba ya zo ya karɓi gidan da aka haife su ciki.

Toh ki ɗora tatsuniya a kan wannan. Hasumiyar da aka kulle Rafanzel, yarinyar tatsuniya mai dogon gashi, ba sai an gina ta da dutse ba, waliyyi ne da ke riƙe da gadonta har ta kai shekara 21, kuma dokar aure ta 1753 ta ce wanda bai kai 21 ba ba zai yi aure ba sai da yardar iyaye ko waliyyi. Shi yasa masoya ke gudu cikin dare zuwa Gretna Green, wani ƙauye da ke tsallaken iyakar Sikotilan inda dokar ba ta aiki, maƙeri ma sai ya ɗaura musu aure a gaban shaidu. Kin ga wannan gudun ba marubuta suka ƙirƙire shi ba, an yi shi da gaske. Tsinuwar mayya ta koma bashi, ko wasiyya, ko abun kunya da ya hana iyali shiga mutane. Ni abun da ke kama ni kenan, ina karanta tatsuniya amma makullin da ke ƙofar na gaske ne, mata na gaske sun rayu a bayansa sun mutu a bayansa, sai ga littafi ya ɗauki ɗaya ya buɗe mata.

Yawancinsu naga a Ingila ne kuma shekarun kusan ɗaya, me ya jawo?

Eh, zamanin riƙon ƙwarya ne, daga 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na 3 ya samu taɓin hankali ɗansa ya riƙe masa mulki. Shekara tara ce kacal amma littattafan da aka rubuta a kanta ba sa ƙirguwa. Marubuciyar Ingila Jane Austen ta rayu ta yi rubutu a cikin lokacin, sai Georgette Heyer ta zo a 1935 ta fara rubuta soyayyar wannan zamani da bincike mai yawa kan sutura da maganar mutane, kusan duk waɗanda suka biyo baya a kan tabarmarta suka zauna.

Kuma zamanin ya dace da Sindarela kamar an auna. Duk shekara manyan iyalai suna tattarowa Landan lokacin zaman majalisa, a yi ta liyafa da rawa wata da watanni, ana fito da ƴan mata da suka isa aure a gansu. Wato liyafar da yarima ke zaɓen mata ba sai an ƙirƙiro ta ba, tana nan a kalanda. Akwai masu kai labarin Sikotilan ko zamanin Sarauniya Biktoriya ko Faransa ko Amurka lokacin da attajiranta ke aurar da ƴaƴansu ga masu sarautar Ingila da kuɗi ya ƙare musu, amma dai riƙon ƙwaryar nan ita ce cibiya.

In an cire sihiri me ya rage? Ai sihirin ne daɗin tatsuniya.

Bari in kwatanta miki da irin yanda nake ganin abun a raina. Asuba ce, sanyi, gidan mai hawa huɗu kowa na barci, yarinya ta sauko ta matakalar bayan gida wadda ƴan aiki kawai ke bi, da bokitin gawayi a hannu. Ta durƙusa gaban murhun ɗakin baƙi tana kwashe tokar jiya, tana goge ƙarfen da baƙin shuni har ya yi ƙyalli, yatsunta duk sun tsage saboda ruwan sanyi da sabulun wanki mai cin fata. A bangon da ke samanta hoton mahaifinta ne, ɗakin nan a ciki ta koyi karatu a cinyarsa. Yanzu in matar gidan ta shigo dole ta miƙe ta juya fuskarta bango. Sunan Sindarela ma ai daga toka ya fito, a Faransanci da Jamusanci duka, toh ga tokar nan a ƙarƙashin farcenta kina ganinta.

Sai daren rawa, ta samu riga ta samu safar hannu doguwa, duk daren tsoronta ɗaya kar safar ta zame a ga hannun, don fuska za a iya gyarawa, magana ta iya tun tana ƴar gata, amma hannun ƴar aiki ba ya ɓuya. Kuma in marubuciyar ta iya, ba da takalmi zai gane ta ba, wata rana ne zai je wani gida ziyara a miƙo masa shayi ya ga tabon ƙunar dutsen guga a wuyan hannu, tabon da ya taɓa hangowa daren nan. Ni dai wannan ya fi min kabewar da ta zama keken doki, saboda a tatsuniya sanda ake kaɗawa komai ya canza, a nan kuwa kowace kwalliya sai wani ya biya, wadda ta ara mata rigar tana iya rasa aikinta gobe a kore ta ba takardar shaida, kuma ƴar aiki mara takardar shaida a lokacin ta shiga uku.

Amma tatsuniyoyin nan ba na yara ba ne? Ba a ɓata su ba da aka mayar da su na manya?

Asalinsu ma da yawa ba don yara aka rubuta ba, katun ne ya sa muke ganin haka. Giambattista Basile na Italiya wanda littafinsa ya fito a 1634, Sindarelarsa mai suna Zezolla da hannunta ta sako wa matar ubanta ta farko murfin akwati a wuya ta kashe ta. Charles Perrault a Faransa a 1697 shi ya kawo takalmin gilashi da kabewa da aljanar da ke taimako, kuma a lokacinsa manyan mata na birnin Faris ne ke zama a falo suna karanta wa juna irin labaran nan, da yawansu suna amfani da tatsuniyar ne su soki auren dole da aka musu. Ƴan uwa biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da nasu a 1812, a nasun ƴan uban yanke yatsa da diddige suka yi don ƙafa ta shiga takalmi, jini ne ya tona musu asiri. Kafin su duka, a ƙasar Sin tun ƙarni na 9 an rubuta labarin Ye Xian, marainiya mai takalmin zinariya wadda ƙashin kifi ke taimaka mata. A 1893 wata mai bincike Marian Roalfe Cox ta tattara nau'i 345 na wannan labari da ƴan uwansa a littafi ɗaya.

Kenan babu wata ta asali guda ɗaya da za a ce an ɓata, kowa da ya karɓa sai ya juya ta yanda ta dace da mutanensa. Marubutan yau layi suka shiga kawai.

Kyakkyawa da Dodo fa? Ni tana ban tsoro, ba koya wa mata zama da mugun namiji take ba, wai haƙuri zai gyara shi?

Wannan tambayar tana da nauyi kuma ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Akwai littattafan da na ajiye a rabi saboda haka, namijin yana tsawa yana kulle ƙofa yana wulaƙanci shafi ɗari biyu, sai a ce mana ai yana da ciwo a zuciya, shikenan a yafe. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, musamman waɗanda aka rubuta a shekarun 1970 da 1980 akwai masu abubuwan da yau ba za su karantu ba.

Amma ki koma tatsuniyar kanta. Mace ce ta rubuta ta, Gabrielle-Suzanne de Villeneuve a 1740, sai wata macen Jeanne-Marie Leprince de Beaumont ta taƙaita ta a 1756 lokacin tana aikin koyar da ƴaƴan masu hali a Landan. A cikin ta Beaumont, dodon kullum da daddare bayan an ci abinci zai tambaye ta, za ki aure ni? Tace a'a. Ya yi ajiyar zuciya ya tafi. Gobe ya sake tambaya. Ki tuna fa an rubuta wannan ne a zamanin da ake ɗaukar yarinya ƴar sha biyar sha shida a ba mutumin da ba ta taɓa gani ba a kai ta gidansa mai nisa, kuma ba mai tambayarta. Sai ga labari inda mai ƙarfin, mai gidan, wanda zai iya yin duk abun da ya ga dama, shi ne ke tambaya kuma yana karɓar a'a. Tsinuwar da ta mayar da shi dodo ba za ta karye ba sai ta yarda don kanta. Nobel mai kyau wannan zaren yake kamawa.

Kuma tarihi ya ba marubuta dodo a shirye. Yaƙe-yaƙen Napoliyon sun ƙare a Waterloo a 1815, maza dubbai suka dawo gida wani ba ƙafa wani ba ido wani fuska ta ƙone, ga firgitar dare da ba a ma san sunanta ba a lokacin. Toh ki ga mutum a ƙaton gida a ƙauye, ya sa an rufe duk madubai da ƙyalle, yana cin abinci shi kaɗai da kyandir ɗaya a ajiye ta gefen da fuskarsa ke da lafiya. Ita kuma ta zo ne saboda bashin ubanta ko don ta jera masa littattafan laburare. Daren farko da ta ɗauki kyandir ɗin ta mayar tsakiyar tebur ba tare da ta ce komai ba ta ci gaba da cin abincinta, ni a irin wurin nan nake rufe littafi in ɗan numfasa. Kuma ki lura a irin wannan ba ya rikiɗa ya zama kyakkyawan yarima a ƙarshe, tabon na nan har ya mutu, abun da ya canza shi ne ya daina ɓuya. Ma'aunina dai ɗaya ne, muninsa a fuska yake da kaɗaici ko a yanda yake mu'amala da ita? In na biyun ne ki ajiye littafin.

Da gaske mai sarauta yana auren ƴar aiki a lokacin, ko mafarki ne kawai?

Da wuya sosai, amma an yi. Sir Harry Fetherstonhaugh mai gidan Uppark ya auri Mary Ann Bullock mai aiki a ɗakin madarar gidansa a 1825, kuma ya bar mata gidan da ya mutu, sai dai fa ya haura shekara 70 lokacin ita kuma tana ƴar ashirin, kin ga ba irin yariman littafi ba ne. Harriot Mellon ƴar wasan kwaikwayo ce da ta taso cikin talauci, ta auri attajirin banki Thomas Coutts, bayan ya mutu ta gaji dukiyarsa ta auri Diyuk na St Albans, wato mai babbar sarauta a Ingila, a 1827, amma duk da haka manyan mata ba su daina yi mata kallon raini ba. Abun da ya fi faruwa a zahiri kuwa mai ɗaci ne, ɗan masu gida ya lalata yarinya a kore ta da ciki.

Su diyuk ɗin ma ƴan tsiraru ne a ƙasar gabaɗaya kuma yawanci dattawa ne masu iyali, na cikin littattafai sun ninka na gaske nesa ba kusa ba. Mai karatu ta san da haka. Littafin da nake girmamawa shi ne wanda bai ɓoye tsadar auren ba, ya nuna ƙofofin da za a rufe musu, ƙanwarsa da za ta rasa manema saboda shi, uwarsa da ba za ta zo ɗaurin aure ba, sannan ya zaɓa yana sane.

Za a iya koyon tarihi daga cikinsu?

Kaɗan, kuma da taka tsantsan. Za ki tsinci abubuwa na gaske kan gado da aure da matakan sarauta da yanda gidan manya ke tafiya, wasu marubutan ma malaman jami'a ne, Eloisa James misali farfesar adabin Ingilishi ce kuma ta yi jerin littattafai kan tatsuniyoyi daga 2010. Amma akwai abun da yawancinsu ke tsallakewa kuma yana damuna, wato daga ina kuɗin yake fitowa. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807 amma bautar kanta ba a yi dokar soke ta a yawancin yankunan da take mulka ba sai 1833, wato a daidai shekarun da ake rawar nan akwai gidajen da sukarin gonakin bayi na Karibiyan ke riƙe da su, akwai dukiyar da aka kwaso daga Indiya, akwai yara ƙanana a masaƙu da ramin kwal. Sababbin marubuta sun fara shigo da wannan, har da jarumai baƙaƙe da ƴan Indiya waɗanda dama suna nan a Landan ta lokacin, kuma ina ganin littattafan sun ƙara ƙarfi ne da hakan, ba su rage daɗi ba.

Kullum matar uba ce muguwa, ba a gaji ba?

An gaji, shi yasa masu basira suka daina yin ta baƙa ƙirin. Wani abun mamaki ma, a bugun farko na ƴan uwa Grimm na 1812 sarauniyar da ke son kashe yarinyar nan mai fari kamar ƙanƙara, wato Snow White, uwarta ce ta cikinta, sai a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba. A nobel kuwa in aka ɗora ta a kan dokokin da na faɗa a sama sai ki ga mace ce da miji ya mutu ya bar ta da ƴaƴa mata biyu, gida zai koma hannun wani, kuɗin da ya rage ba zai aurar da uku ba, sai ta zaɓi nata. Zalunci ne, littafin ba ya wanke ta, amma kin ga ramin da ita ma take ciki. Wasu ma ƴar uban nan da aka ce mummuna ce suke ɗauka su ba ta nata littafin, kuma sau da yawa shi ya fi na farkon taɓa zuciya, don ita ba wanda ya taɓa ce mata akwai liyafar da ake jiranta.

Akwai batsa a ciki?

Ya danganta da marubuciya, wasu akwai sosai wasu ko sumba sai a shafin ƙarshe. Na Heyer babu. Bangon littafi ba ya faɗin gaskiya kullum, gara ki duba sharhin masu karatu kafin ki saya, yawanci suna faɗin matakin da yake.

Maza na karantawa?

Suna karantawa, sai dai mata sun fi yawa nesa, a masu rubutawa da masu karantawa duka. Tun da aka fara nuna fim mai dogon zango na Bridgerton a Netflix a 2020 dai mutane da yawa da ba su taɓa kallon layin nan ba suka leƙo, littafi na uku a jerin littattafan Julia Quinn da aka yi fim ɗin da su ma Sindarela ce.

Da wanne zan fara, kuma yaya zan gane mai kyau?

Ki fara da tatsuniyar da ta fi zama miki a rai tun kina ƙarama, don rabin daɗin a gane ɗin nan yake. In wulaƙancin marainiya ne ke sa ki kuka, Sindarela. In kin taɓa jin ke ce ba a gani a cikin taro, ki nemi masu bin labarin mummunan ɗan agwagwa na Hans Christian Andersen, amma ki zaɓi wanda ba a gyara yarinyar da sabuwar riga kawai ba. In kina son gida mai duhu da ɗakin da aka ce kar a buɗe, akwai masu bin Mai Shuɗin Gemu na Perrault, su sun fi kusa da ban tsoro.

Gwajin da nake yi shi ne babi uku na farko. Ina tambayar kaina, da za a cire namijin nan daga littafin gabaɗaya, yarinyar tana da abun da take nema? Ko kuɗin da za ta buɗe ƴar makaranta, ko ta ƙwato ƙaninta daga hannun waliyyi, ko ta gano inda aka ɓoye wasiyyar ubanta. In tana da shi zan ci gaba. Na biyu ina duba ƴan aikin gidan, suna da suna da baki ko kujeru ne kawai masu kawo shayi, don marubuciyar da ta ga mai kwashe toka a babi na ɗaya ba za ta manta da ita ba bayan jarumar ta hau sama. Na uku kuma in an zo wurin takalmi, ko me aka sa a madadinsa, ina so ya zama ita ce ta yanke shawarar fitowa daga kicin ta ce ni ce, ba a jawo ta ba. In babi uku suka wuce ban ga ko ɗaya daga ciki ba sai in mayar da shi kan kanta in ɗauko wani.